A kanmu ake aikin raya ƙasa, me ya hana mu karance shi?



Bari in fara da abin da ya ba ni kunya, don shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. A zangon karatun da ya wuce an ba mu aikin haɗa rahoton rediyo na minti biyar a kan wata matsala da ke damun jama'a. Ban yi dogon tunani ba, na hau mota sai ƙauyen kakannina, saboda na san akwai wata rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da ta daina ba da ruwa tun ina sakandare. Tankin yana nan a sama, allon da aka rubuta sunan masu ba da tallafin yana nan, fentinsa ma bai gama goge ba, amma kawunan famfon ko ɗigo. Na naɗi muryar mata suna kokawa da nisan rafi, na naɗi ƙarar jarkoki a bayan amalanke, na rufe da kira ga gwamnati ta dubi Allah ta kawo ɗauki. Ni a raina na riga na ci makin.

Malaminmu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Muryarka ta fita da kyau. To me ya lalace a rijiyar, injin ko farantan?" Na ce ban tambaya ba. Ya ce, "Wa aka damƙa wa ita ranar da aka buɗe ta? Ana karɓar kuɗin ruwa? In ana karɓa, a hannun wa suke kwana? A filin wa aka haƙa ta? Ruwan ƙasa ne ya ja baya ko yana nan?" Wallahi ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ya miƙo mini wayata ya ce in koma.

Da na koma na zauna da wani dattijo a bakin masallaci, na ce, "Baba, wai ni me ya kashe rijiyar nan?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, ai rijiya ba ta mutu ba, mu ne muka ƙi zama." Ashe wata 'yar na'ura ce ta ƙone, wadda kuɗinta bai kai na rago ba. An kafa kwamiti, an kuma tara kuɗi. Amma rijiyar a filin wani gida aka haƙa ta, gidan kuwa suna da tsohuwar jiƙaƙƙa da mutanen ɗaya unguwar. Da shugaban kwamitin ya rasu, kowane ɓangare ya ce ba zai zuba kuɗinsa a hannun ɗaya ɓangaren ba. Mai gyaran kuma sai an ɗauko shi daga birni. Shi ke nan, shekaru suka yi ta tafiya.

Ka ga a rijiya ɗaya an samu aikin injiniya, da lissafin kuɗi, da rikicin fili, da siyasar gari. Ni kuma da na shekara uku ina koyon aikin jarida, abin da na iya kawai shi ne riƙe makirfo.

Abin da wasu jami'o'i ke yi

A jami'o'in Amurka da Kanada akwai wani tsari da ya daɗe. Ɗalibi yana da babban fanninsa, wanda shi ne digirinsa, sannan yana iya ɗaukar wani ƙaramin fanni ya raka shi da shi. Galibi kwasa-kwasai biyar ko shida ne, a rarrabe cikin shekarun karatu, kuma in ya gama za a rubuta masa a takardar sakamako. Ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan fannoni shi ne nazarin raya ƙasashe, wato binciken dalilin da ya sa wasu ƙasashe suka fita daga talauci wasu suka maƙale, da abin da aka gwada, da abin da ya yi aiki, da wanda ya jawo asara. Jami'ar McGill da ke Montreal na cikin masu koyar da shi a haka.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ba shi da gida ɗaya. Ɗalibin zai je sashen tattalin arziki ya ɗauki kwas, ya leƙa sashen tarihi, ya shiga na kimiyyar siyasa, ya zauna da masu nazarin al'adu, ya bi ta wajen masu labarin ƙasa ko lafiyar al'umma. A aji ɗaya sai ka tarar da mai karatun injiniya, da mai karatun jinya, da mai karatun shari'a, duk suna muhawara a kan bashi ko yunwa.

To ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yarinya 'yar shekara 19 a Montreal tana zaune tana karanta labarin madatsun ruwan Afirka da tsarin rancen Bankin Duniya. Bayan 'yan shekaru za ta iya sauka a Abuja ko Maiduguri a matsayin jami'ar shiri. Kai kuma da aka haifa a gefen madatsar, kana da digirinka mai kyau, za a ɗauke ka tafinta ko mai cike fom, kuma za ka yi murna don ana biya. Ba laifinta ba ne, karatunta ta yi. Tambayar tamu ce: me ya sa mu da ake aikin a kanmu ba ma karanta shi?

Kada ka ce batun bai kai ya kawo ba. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 133 ne a Najeriya ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, wato kashi 63 cikin 100 na jama'a. Daga cikinsu miliyan 86 a Arewa suke. A Sakkwato adadin ya kai kashi 91, a Ondo kuwa kashi 27. Duk inda irin waɗannan alƙaluma suke, nan masu shirye-shirye ke tururuwa. Ko mun so ko mun ƙi, za a ci gaba da zana wa garuruwanmu tsare-tsare. Abin da ya rage shi ne ko za a samu namu a teburin da ake zanawa, waɗanda suka san abin da suke faɗa.

Bakolori

Idan kana son ganin abin da ke faruwa in fanni ɗaya ya yi gaban kansa, ka nemi tarihin madatsar Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara a jihar Zamfara ta yau. An kammala ta a 1978, lokacin da kuɗin man fetur ke shigowa, da burin a shayar da dubban kadada a yi noman rani na zamani. Ta fuskar gini, madatsa ta tsayu. Amma ruwan tafkin ya tashi mutane daga gidajensu, aikin daidaita filaye ya hana manoma da yawa noma na wani lokaci, ga rigimar diyya. Manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sanda, aka yi asarar rayuka, har yau ana saɓani a kan yawansu.

Akwai kuma asarar da ba a ji ƙararta ba. Mutanen da ke ƙasan madatsar sun dogara ne da ambaliyar da gulbin ke yi duk shekara, ita ke jiƙa fadama a shuka shinkafa, ita ke kawo kifi. Da aka tare ruwan, ambaliyar ta ragu, shinkafa ta ja baya, masunta suka ji a jikinsu. An lissafa abin da za a samu a sama, ba a lissafa abin da za a rasa a ƙasa ba. Makamancin wannan ya faru da dausayin Hadejia da Nguru bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992.

Injiniyoyin ba jahilai ba ne, sun san siminti da ƙarfe. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tambaya yadda ake gadon gona a yankin, da wanda zai auna darajar kifin da ba ya shiga littafin gwamnati, da wanda zai zauna ya saurari manomi tun kafin katafila ta iso. Yanzu ka ɗauka injiniyan da ke aji uku a yau ya taɓa zama zango guda yana nazarin Bakolori. Ranar da aka ba shi aikin madatsa, ba zai kalli taswira kamar babu mutane a cikinta ba.

Allurar shan inna

Misali na biyu ya fi kusa da fannina. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jitar cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa. Kano ce ta fi daɗewa, sai a watan Yulin 2004 aka koma, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da a baya suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a wannan tsakani sa'o'inmu ne, wasu ma muna ganinsu a kan titi.

Likita zai gaya maka maganin lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiya ya faɗa. Amma me ya sa jita-jitar ta samu gindin zama? A nan sai ka nemi mai tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, yara 11 suka mutu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, amma dai a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Mutanen gari ba su manta ba. Sai ka nemi mai nazarin siyasa ya tuna maka cewa 2003 ita ce shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi, zukata a tunzure suke. Sai kuma ka saurari uwar da ke tambaya: yaya aka yi ake bin ta har ɗaki da ɗigon magani kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama ɗanta sai ta sayar da akuya?

Ba da ƙarin allura kaɗai aka shawo kan lamarin ba. Sai da aka shigo da sarakuna da malamai, aka ɗauki mata 'yan unguwa suna shiga gida-gida, aka sa waɗanda cutar ta shanye suna magana da iyaye da bakinsu. Wanda aka gani na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar a Najeriya a Borno ne a 2016, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ɗalibar likitanci, wannan darasin ba ya cikin littafin sassan jiki. Ɗalibin jarida, ba ya cikin darasin rubuta kanun labari.

Maraɗi

Kada ka zaci duk labarin na asara ne. Mu tsallaka iyaka zuwa wajen 'yan'uwanmu na Nijar, domin Maraɗi ta koyar da darasi biyu.

Na farko mai ɗaci ne. A 2005, bayan fari da fara, yunwa ta kama yara da yawa a Nijar, kuma yankin Maraɗi, wanda ake ɗauka rumbun ƙasar, yana cikin inda abin ya fi muni. Hatsi kuwa yana nan a kasuwa, farashi ne ya fi ƙarfin talaka. Wannan shi ne abin da masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya bayyana tun 1981 a littafinsa kan talauci da yunwa, inda ya yi nazarin yunwar Bengal ta 1943: mutane na iya mutuwa da yunwa alhali abinci na gari, in dai ba su da hanyar mallakarsa. Ɗan jaridar da bai san wannan ba zai rubuta "fari ya jawo yunwa" ya wuce. Wanda ya sani zai je kasuwa ya tambayi kuɗin tiya, ya tambayi kuɗin akuya, ya tambayi wa ya ci bashi da damina ya biya da hatsi da kaka.

Na biyu mai daɗi ne. Tun daga shekarun 1980 manoman yankin suka fara barin tohon itatuwa a gonakinsu maimakon sare su ƙurmus lokacin sharar gona. Sai su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su rene su, abin da ake kira sassaben zamani. Kafin nan an kashe kuɗi da yawa wajen dashen itatuwa, akasarinsu suka bushe. Wannan dabara kuwa ba ta buƙatar komai sai adda da haƙuri. An ƙiyasta ta farfaɗo da kadada kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, gawo na cikin na gaba-gaba. Wani abin da ya taimaka shi ne sassaucin da aka samu a dokar daji. Muddin itace na hukuma ne, manomi ba shi da dalilin renonsa. Da ya tabbata zai ci moriyarsa, ba sai an roƙe shi ba. Masanin noma kaɗai ba zai hango wannan ba sai ya san doka, lauya kaɗai ba zai hango ba sai ya san gona.

Na san abin da za ka ce

Za ka ce taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ke fama da kwas goma sha ɗaya a zango, ga yajin aiki, ga kuɗin makaranta da ya tashi, ga ajin da ake tsayuwa a taga, shi za a ƙara wa kaya? Ina jin wannan, don ni ma a cikinsa nake. Amma ka ƙirga kwasa-kwasan zaɓi da ka ɗauka tun daga aji ɗaya. Da me ka zaɓe su? Yawancinmu da tambaya ɗaya muke zaɓa: malamin yana ba da maki? Sai mu gama digiri da tarkacen kwasa-kwasai huɗu ko biyar da ba su san juna ba. Ƙaramin fanni ba wani sabon kaya ba ne, waɗannan guraben ne dai za a jera su su fuskanci wuri ɗaya.

Za ka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, ba zan raina ta ba. Kwas ɗaya na tattalin arziki ba ya mai da mutum masani, kuma mun sha ganin masu guntun sani suna cika Facebook da hayaniya. Shi ya sa ma nake cewa ya zama ƙarami, a bayan babban fannin da mutum ya ƙware a kai. Ki zama ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya tukuna, ka zama akanta na gaske tukuna. Amfanin ƙaramin fannin shi ne ya nuna maka iyakar saninka, ka san lokacin da ya kamata ka kira wani, ka kuma fahimci abin da yake faɗa in ya zo. Da na san haka, da ban koma ƙauye sau biyu ba.

Wani kuma zai ce, ai mu ma muna so, don hanyar samun aikin NGO ce. A nan zan ɗan tsaya. Na san burin da yawa daga cikinmu: farar mota, kati a wuya, bita a otal, albashi mai kauri. Ba haramun ba ne. Amma in don wannan kaɗai za ka yi karatun, ka dubi abin da ya faru. A ranar 20 ga Janairun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da tallafin da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje, kafin tsakiyar shekarar an rushe hukumar USAID. Birtaniya ta rage nata tallafin daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigarta a 2021, ta kuma sanar za ta sake rage shi zuwa 0.3. Ayyuka sun tsaya, ma'aikata sun koma gida. Wanda abin da ya koya kawai shi ne turancin rubuta takardar neman tallafi, yau ina zai kai shi? Wanda kuwa ya fahimci yadda kasuwar hatsi ke aiki, ko dalilin da ke sa asibitin ƙauye ya rasa magani, ana buƙatarsa a ƙaramar hukuma, a ma'aikata, a gidan rediyo, a kamfanin taki, har a majalisa. Janyewar masu tallafi ma ita ce babbar hujjata. In mai ba da kuɗi ya tafi, tunanin ya dawo wuyanmu.

Sai masu cewa ilimin Turawa ne, an tsara shi ne don a ci gaba da juya mu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni an haife su ne a taron Bretton Woods na 1944, lokacin da kusan duk Afirka ke ƙarƙashin mulkin mallaka. A jawabin shugaba Truman na Janairun 1949 ne maganar "yankunan da ba su ci gaba ba" ta shiga bakin duniya. Iyayenmu kuma ba su manta da shirin SAP na 1986 a zamanin Babangida ba, da faɗuwar naira, da zanga-zangar 1989 wadda ɗalibai suka ja gaba. To amma wa ya fi tona asirin waɗannan abubuwa? Waɗanda suka karance su ne. Walter Rodney ya rubuta littafinsa kan yadda Turai ta tauye Afirka a 1972. Claude Ake ya yi nasa kan dimokuraɗiyya da ci gaba a Afirka. Marigayi Yusufu Bala Usman ya shafe rayuwarsa a Zariya yana wannan muhawara da hujjoji. Ba za ka iya ƙalubalantar yarjejeniyar bashin da ba ka iya karantawa ba.

Kuma wa ya ce manhajar sai ta zama tasu? In mu za mu tsara, akwai abin da za mu sa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi bayani a Usulus Siyasa kan nauyin da ke wuyan shugaba na raya sana'o'i da kasuwanni da hanyoyi. Akwai zakka da waƙafi, akwai gayya da adashi, dukkansu tsare-tsare ne na taimakon juna da suka girmi duk wata ƙungiyar agaji. Akwai binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa ta buga a 1972, wanda ya nuna cewa manoman ƙauye ɗaya ba a matsayi ɗaya suke ba, akwai mai sayar da hatsi akwai mai sayar da ƙarfinsa. Sannan idan ana maganar muradun ci gaba 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, ka tuna Amina Mohammed, 'yar asalin Gombe, tana cikin waɗanda suka jagoranci tsara su, kuma a 2017 ta zama mataimakiyar babban sakataren majalisar. Kujerar ba ta gagari namu ba.

Ƙofar da ke buɗe

Tsarin jami'o'inmu bai saba da ƙaramin fanni ba, gaskiya ne. Wasu suna koyar da nazarin ci gaba a matakin digiri na biyu, wanda sai mai hali da lokaci. Mu kuma a ɓangaren sadarwa, an ware sadarwa don ci gaba a matsayin digiri mai zaman kansa. Duk suna da kyau, amma ba su kai ga ɗalibin injiniya ko na haɗa magunguna ba.

Sai dai akwai wata dama. A sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022, hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Jami'ar da ke Sakkwato ko Maiduguri ko Dutse ko Katsina, me ya fi dacewa da muhallinta fiye da wannan? Malaman suna nan, sassan suna nan, ba sai an gina sabon bene ba. Abin da ake buƙata shi ne su zauna su jera kwasa-kwasai shida. Ɗaya a kan tarihin tattalin arzikin yankinmu, daga dalar gyaɗa zuwa rufewar masaƙun Kaduna da Kano. Ɗaya a kan tushen tattalin arziki. Ɗaya a kan karanta alƙaluma, don kada a ruɗe mu da kashi-kashi. Ɗaya a kan zamantakewa da mallakar ƙasa. Ɗaya na zaɓi tsakanin lafiya, noma, ilimi ko muhalli. Na ƙarshe kuma a fili: a haɗa ɗalibai daga fannoni daban-daban, a ba su aiki guda da ya mutu ko ya rayu a wani gari, su gano dalili, su koma su karanta wa mutanen garin abin da suka rubuta da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci. In mutanen suka ce ba haka ba ne, a rage maki.

Na san wahalar ba ta rasa nasaba da jadawalin lakca da ke cin karo, da sassan da kowanne ke kishin ɗalibansa. Waɗannan matsaloli ne na ofis, ana warware su in an ga dama. Ƙungiyoyin ɗalibai da ke kashe ƙarfinsu a kan rigar makon al'ada, ga abin da ya cancanci a rubuta wa majalisar jami'a takarda a kansa.

Kafin su motsa kuwa, kai ba sai ka jira ba. Zangon da ke tafe, kafin ka cike fom ɗin rajista, ka zaɓi tambaya ɗaya da ke damunka game da garinku. Me ya sa 'yan mata ke barin makaranta a aji uku na ƙaramar sakandare? Me ya sa tumatir ke ruɓewa a Kadawa alhali ana shigo da na gwangwani? Sai ka zaɓi kwasa-kwasan zaɓinka a kan wannan tambaya. Ka nemi izinin malami ka zauna a lakcar wani sashe ko ba maki. Ka sauke rahoton talaucin nan na 2022 daga intanet, kyauta ne, ka nemo shafin jiharku. Ka nemi kasafin kuɗin jiharku ka duba nawa aka ware wa ruwan sha, nawa aka saki. Ki samu ƙawaye uku daga sassa uku, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako a kan littafi ɗaya. Idan lokacin furojet ya zo, ka ɗauki maudu'in da zai sa ka taka ƙasa, ka bar wanda ake kwafowa daga na bara.

Ba za a rubuta maka wannan a takardar sakamako ba, na yarda. Amma ranar da aka tara ku a fadar hakimi, wani ya zo da taswira da alƙawari, za a samu mutum ɗaya a cikin taron da zai ɗaga hannu cikin ladabi ya tambaya: wa zai gyara in ta lalace, da kuɗin wa, kuma su wa ke ƙasan ruwan?

Rijiyar ƙauyenmu dai har yanzu ba ta tashi ba. Rahotona na biyu ya ci maki, amma maki ba ya cika tulu. Wannan hutun ni da wani abokina mai karatun injiniyan lantarki da wata 'yar ajinmu ta sakandare mai karatun akanta mun yi shawarar mu je tare. Shi zai duba na'urar, ita za ta duba littafin kwamiti in an yarda a nuna mata, ni kuma zan zauna da dattawan unguwannin biyu in saurara. Ko za mu dace, Allah ne masani. Ku sa mu a addu'a, in da rai za ku ji yadda aka kwashe.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mako na gaba.